Ku Bar Mana Fadamar Gabas

Mai girma Gam, shugaban ƙauyenmu. Dattawan ƙabilarmu ta Mishing maza da mata. Baƙinmu 'yan'uwa na ƙabilar Tiwa da kuka hayo kogi. Malamin gona da kwalaben feshinsa. Jama'a, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni baki, ni tsoho Lakhinath Kutum, ko da yake na ji wani yana cewa, "Ga mai ƙwari ya tashi."

E, na tashi. Ban iya karatu ba, amma na san abin da ya tsayar da ƙashin bayana.

Na farko. Duk shekara ruwa yana cinye shinkafarmu, amma da can ba ya barinmu hannu wofi. Ya koro gyare daga rami ya hau turakun da ke ɗauke da gidajenmu, ya kawo ƙwaron ruwa bakin tsani. Uwata ta gasa su cikin gora, ta dama ƙwan jar tururuwa da ƙwan agwagwa, ta haifi tara, ba ta taɓa jiri ba.

Na biyu. Tunda aka fara feshi, daminarmu ta yi shiru. Matar jikana, Junmoni, tana da ciki, tafin hannunta fari fat. Malamar asibiti ta ce, "Baba, jini ne ya yi ƙaranci, a ba ta nama." Na ce, "Yarinya, wane nama? Aladunmu suna cikin kogi, ruwa ya tafi da su." Na yi yawo da kwando, ƙafata ta kumbura, ban samu fara ko'ina ba sai a fadamar gabas, wadda feshi bai taɓa ba. Da na kawo, mijinta ya ce, "Kaka, kaji ka mai da mu?" Na ce, "Ɗan nema, kazar ta fi matarka jini." Ita kuwa ta karɓa, ta cinye a ɓoye don kunyarsa.

Yau fadamar nan kuke so a fesa. Ku ɗauki sauran gonakin, ku bar wannan. Ku bar ta har Junmoni ta sauka lafiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma na ga hannuwanku na amincewa da feshin tun ba ku ɗaga ba. Har naka, jikana.

Uwa Rana, Uba Wata, ku tsare wannan taro, ku mai da baƙinmu gida lafiya, ku ba yarinyar nan jinin da muka hana ta.

Na gode.