Babana Ya Ajiye Maganin Asibiti Ya Koma Kafso

Malam mai gabatarwa, salamu alaikum. Wai ina likitocinmu suka shige, har saƙon murya na waya ya zama mai rubuta wa iyayenmu magani?

Nura ne daga Agege, Legas. Babana direban tanka ne a Apapa, hawan jini ya sauke shi daga mota. Magani kala huɗu yake sha, jinin ya ƙi sauka. Sai abokansa direbobi suka turo masa saƙo, wai an gano maganin kashe ƙwayoyin cuta yana saukar da jini mai taurin kai. Ya ajiye na asibiti, ya aika kemis aka sayo masa kafso.

Na bincika na karanta da kaina. Gwaji ake yi tukuna, kuma ba kowane kafso ba ne. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "Oga likita, tashi ka ba ni wuri."

Jiya jiri ya kayar da shi a ƙofar masallaci. Ba ya jin maganata, amma shirinku ba ya wuce shi. Ku kawo likita ya amsa da Hausa, kowa ya ji: kafson nan magani ne ko ajali? Yanzu haka yana sauraronku.