Ƙodar da Na Ba Maiɗakina

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah shi ƙara lafiya. Ni ne Bawa, manomi daga Gangara ta Sabon Birni.

Bara, da ruwa ya ɗauke har gero ya ƙone a gona, ƙodojin maiɗakina Hassi sunka daina aiki. Likita ya ce sai dashe. Na ce a cire tawa. Anka yi gwaji, anka yi aiki, munka dawo gida da murna.

Ba a daɗe ba ƙafafunta sunka kumbura, fitsari ya ragu. Munka koma asibiti, anka gwada jininta, likita ya zaunar da mu. Ya ce mani, "Cikin 'ya'yanku bakwai da ta ɗauka ne ya sa jikinta ya san jininka, ya tanadi sojojin yaƙarsa. Lokacin gwaji sun yi kwance, yanzu sun tashi, su ke yaƙar ƙodar."

Ana ta ba ta magani, ko Allah ya sa ƙodar ta tsira. Amma tun daga ranar, in na shiga ɗakinta sai ta juya fuska ga bango tana kuka, ta ce mani, "Malam, ka yafe mani, na ɓata maka kyauta."

Na rantse mata ba laifinta ba ne, ta ƙi ji. Jama'a, wace magana za ni faɗa mata? Na san yanzu haka tana saurare. Hassi, da ana rayuwa babu ƙoda, ɗayar ma ke za ni ba.