"Tamam" Ta Kusa Raba Ni da Abokaina

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, gidanmu ɗaya da 'yan Rasha biyu a Giza. Kullum gardamarsu wane ne gwanin 'yan baya a tarihin wasan hoki na kan ƙanƙara a ƙasarsu. Kowa ya karanto mini jerin gwanayensa, sai in ce "tamam", wato "daidai ne" da Larabci, don in huta. Ashe kowannensu ya ɗauka bayansa nake!

Ran Juma'a suka tsare ni, rai a ɓace: "Munafunci kake mana? Zaɓi ɗaya!"

Na ce, "Wallahi ni ƙanƙara a cikin zoɓo kawai na san ta."

Suka fashe da dariya, na yi ajiyar zuciya.

Ina gaida ɗalibai 'yan uwana. Don Allah, abin da ba ku sani ba, kada ku ce masa tamam.