Baburan da Muka Bari a Bakin Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai na ƙasar Batsari da ta Safana, malamanmu limamai, ma'aikatan lafiya maza da mata, iyayena da 'yan'uwana da suka taso daga Runka da Karare da Wagini da rugagen da ke kewaye, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Tasalla, ina koyarwa a firamare a Wagini. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan kan lafiyar ƙwaƙwalwa, suka miƙo mini lasifika alhali sun san ba na iya gajarta magana. Ina kuma gode muku da kuka yarda kuka ajiye baburanku can bakin kasuwa, kuka tako cikin ranar nan. Na ji gunaguni. Na ga wani babanmu yana share gumi da hannun riga yana hararar masu tsaron ƙofa. Ku yi haƙuri, kafin in sauka za ku ji dalili.

An ce in yi magana kan aikin Malam Uwaisu, ma'aikacin jinyar da ke bin ƙauyuka yana duba manya masu larurar ƙwaƙwalwa. Ni ban karanci aikin asibiti ba. Abin da na gani a gidanmu zan faɗa, kuma da izinin mai labarin.

Ƙanena Surajo manomi ne, magidanci mai iyali. 'Yan bindiga suka ɗauke shi a gona, suka goya shi a babur zuwa daji. Allah Ya kuɓutar da shi, ya dawo da ƙafarsa. Muka yi abin da kowa ke yi, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, 'yan barka suka yi ta zuwa. Kowa a kan babur, kowa sai ya kawo shi har bakin zaure, wani ma sai ya ɗan murɗa shi kafin ya kashe, don a san ya iso. In an zauna kuma tambaya ɗaya ce: yaya aka yi, ina suka kai ka, sun doke ka? Surajo ya ba da labari, ya sake bayarwa, ya sake, har ranar da ya shige ɗaki ya sa sakata. Da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya hau rawa. Wata rana ya ture matarsa Hassana, ya haura katanga ya faɗa cikin dawa, da ƙyar aka kamo shi.

Dangi suka zauna. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Kawunmu ya ce a sa masa mari a ƙafa kafin ya halaka kansa, har an yi wa maƙeri magana. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma ni raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa cin abinci. A wannan hali Hassana ta ji labarin Malam Uwaisu, ta aika masa.

Abu na farko da na gani a aikinsa shi ne, yana dubawa kafin ya yi magana. Zuwansa na fari a babur ya zo kamar kowa, ya ji yadda ɗakin Surajo ya kaure da motsi. Zuwa na biyu sai muka hango shi yana turo babur ɗin da hannu tun daga gindin tsamiyar bakin gari. Yara suka ɗauka mai ne ya ƙare masa. Ya zauna a bakin ƙofar da aka sa wa sakata, ya yi sallama, ya kama hirar tsutsar da ta addabi wake. Bai tambayi daji ba, bai tambayi duka ba. Haka ya yi ta zuwa yana hira da ƙyaure, har ranar da murya ta fito daga ciki tana ce masa ba haka ake feshi ba.

Na biyu, ba ya raina mutanen gida. Ya durƙusa ya gai da kawunmu, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Baba, wanda aka ɗaure a daji ya gudo gida. In aka ɗaure shi a gida, ina zai gudu?" Daga baya kawu da kansa ya aika wa maƙeri cewa a bari. Malam Uwaisu ya bayyana mana cewa wannan ciwo ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, likitoci sun san shi, kuma ana samun sauƙi. Ya haɗa mu da likita aka ba da magani, ya koya wa Hassana yadda za ta zauna da mijinta in firgicin ya taso. Da liman ya zo da addu'a, Malam Uwaisu ne ya matsa masa a tabarma.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki, bai tsaya kan Surajo ba, unguwar duka ya yi wa jinya. Ya je wurin mai unguwa ya roƙi abu biyu: a riƙa kashe babur a gindin tsamiya, kuma in an zo gaisuwa a gaisa, a bar tambaya. Samari suka yi ƙorafi, amma suka bi. Har 'yan ɗaukar amarya na gani suna tura babura suna haki, kwalliya duk ta jiƙe. Sannu a hankali, da yardar Surajo, Malam Uwaisu ya riƙa matso da wurin kashewar, daga tsamiya zuwa rijiya, daga rijiya zuwa masallaci. Surajo ya fito zaure, ya koma sahu, da damina ta faɗi ya kora jakinsa gona.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Har yau bai hau babur ba, kuma ƙarar guda ɗaya yake iya jurewa, ba ta ayari ba.

Jama'a, babu garin da ba shi da irin Surajo. Akwai su a Runka, akwai su a Karare, akwai mata a rugage da suka daina magana. Ina roƙonku, ku je barka, amma ku bar wa mutum labarinsa har ya so bayarwa. Ina roƙonku, kafin ku kira maƙeri ku kira ma'aikacin jinya. Ina roƙon shugabanni su ƙaro mana irin Malam Uwaisu, domin mutum ɗaya ba zai iya tura babur a ƙananan hukumomi biyu ba.

To, ga dalilin tafiyar da kuka sha. Surajo ne ya ce yana so ya zo ya ji abin da yayarsa za ta faɗa a kansa. Yana nan zaune cikinku. Don Allah kada ku waiwaya. Wanda ya haɗu da shi a ƙofa, ya tambaye shi yaya wake.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya dawo mana da waɗanda ke daji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya.

Na gode.