Inna Ba Ta Tari Gaban Suruki

Rahina: Alo, Baban Fa'iza? Salamu alaikum.

Sumana: Amin alaikum salam. Kun dawo daga asibitin?

Rahina: Yanzun nan. Ya aiki, ya rana?

Sumana: Alhamdu lillahi. Ya jikin Inna?

Rahina: Da sauƙi. Kana ina ne? Ƙara ta yi yawa.

Sumana: Kan gada, na ɗauko kiliyan a taksina, fasinjan Kirkissoye. Bari in sauke shi... Yauwa, na faka. Sauƙin gaske ko na gaisuwa?

Rahina: Na gaisuwa. Zazzaɓin ya dawo, kuma awon bai nuna komai ba. Karo na biyu ke nan.

Sumana: Bai nuna komai ba? To ai lafiya ke nan.

Rahina: Ina fa lafiya. Lokotoro ya ce miyau muka kai mashi a kwalbar, shi kuwa kaki yake so, na can ƙasan ƙirji. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wai huhun kowa akwai ƙananan ƙwayoyi a ciki, har mai lafiya, iri-iri, suna zaune ba mai damun wani. Ita Inna tsohon tarin nan ya buɗe mata hanyoyin iska, majina tana kwanciya, sai iri guda mugu ya samu wuri ya danne sauran.

Sumana: To a ba ta kafso mai ƙarfi ya kashe... Alo? Rahina?

Rahina: Ina jin ka, rezo ne ya ɗan yanke layin. Na ce haka. Ya ce kafson da ta yi ta sha a Tahoua ba awo, shi ya share na kirkin ya bar mai taurin kan. Sai ya san wane iri ne zai rubuta magani. Kuma kullum da safe sai ta yi tari sosai ta fidda majinar, in ba haka ba banza ne.

Sumana: Ai ni ban ma jin tarinta. Har na ce wa abokina Bello iskar Yamai ta karɓe ta.

Rahina: Haɗiye shi take yi.

Sumana: Me?

Rahina: Wata guda tana haɗiyewa. Yau a taksi ta faɗa mini, tana kuka. Ta ce ita ba za ta yi kaki tana tofarwa surukinta na jin ta ta bango ba. Lokacin da ake son kakin, bayan asuba, lokacin kake zaune tsakar gida da shayinka. Sai ta danne baki da zane.

Sumana: Inna lillahi. Ni kuwa don ita nake zama, in gaishe ta kafin in fita.

Rahina: Na sani. Wallahi kai ma tausayinka nake ji.

Sumana: In je in ce mata ni ɗanta ne, ta yi tarinta?

Rahina: Kar ka soma. In ta san ka sani, gobe za ta hau mota ta koma gida. Lokotoro kuwa ya ce in jibi ba kaki, tiyo za su zura mata har huhu, ga ta ba ƙarfi.

Sumana: To ji nan. Ki haɗa mini kaya kala uku, Bello ya zo ya amsa, a wurinshi zan zauna. Ki ce mata an yi hayar mota zuwa Gaya, sati biyu.

Rahina: Ka bar gidanka? Ba sati biyu ba ne fa, lokotoro ya ce wannan tarin na kullum ne.

Sumana: In ya ƙare a sake wata Gayar. Daga baya in koyi shan shayi a tasha. Je ki faɗa mata yanzu, kar ki kashe, kiredin wayar zai kai.

Rahina: To... Inna! Baban Fa'iza ya yi tafiya, sai bayan sati biyu... Alo, kana ji?

Sumana: Mene ne wannan? Wani abu ya faɗi?

Rahina: Ita ce. Ko bakina ban rufe ba ta saki tarin.

Sumana: Wannan duk a ƙirjinta yake, wata guda?

Rahina: Sai anjima, bari in kai mata kwalbar.