Kaskon Matar Ɗana

A rumfar mai kayan kicin na tsinci wannan, ina ta juya wani ludayi da ba saye zan yi ba. Wata dattijuwa ce ta zaro kasko daga leda, cikinsa fari tas, ta nuna wa matashiyar da ke gefenta.

"'Yata, duba min. Ɗana ya ce na karce kaskon matarsa. Wannan karcewa ce?"

"A'a, Mama. Karcewa ɗan layi ne sama-sama. Wannan kankarewa ce, ba ki bar komai ba."

"Yawwa, haka na ce masa! Baƙi ƙirin na same shi, na zauna masa da soson ƙarfe har kafaɗata ta riƙe."

"Mama, ai baƙin nan ba datti ba ne. Haka ake yin sa, shi ke hana abinci kamawa."

"Oh ni! Wato amfanin nasa na wanke? Amma ita ba ta ji haushi ba, har durƙusawa ta yi ta ce min sannu da aiki."

"Ni ma haka na yi wa uwar mijina. Na gode mata, na shiga banɗaki na sha kukana. Ga ni na zo sayen wani, cikin akwatina zan ɓoye shi."

Dattijuwar ta mayar da kaskon cikin leda.

"Ashe shi ya sa tun jiya nake neman sauran tukwanen na rasa. Mai kaya, miƙo min sabo irinsa. In ka ƙara ganina ina tayin soso, ka ce ya ƙare."