Kaskon Gawayi a Hanyar Jos

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya gabanku.

Ni ce Saratu, matar Bulus direba. Citta nake saye a ƙauyukan Jaba, in kai Jos. Da maigida ya sayi ƙaramar bas ɗinsa 'yar Beljiyom, makanikenmu a Kafanchan ya buɗe inji, ya cire tiyon hita mai ɗumama cikin mota ya jefar. Ya ce wannan kayan ƙasar ƙanƙara ne, mu zafi ke damunmu. Haka ake yi wa kowace mota a garin nan.

Satin Kirsimeti muka tashi da sassafe, ni da shi da 'yarmu Ladi. Muna wuce Manchok muka fara hawan tudu, sanyi ya shiga ƙashi. Ladi tana ta rawar ɗari. Na ce, "Baban Ladi, tsaya in hura gawayi a kasko." Na ajiye shi kusa da ƙafafunmu, muka rufe gilas ruf, kamar yadda muke yi a ɗaki.

Ɗumin ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Can kaina ya fara sara. Na taɓa Ladi, ta yi laƙwas. Maigida ya gangara gefen hanya, ya kifa kai a kan sitiyari. Na so in buɗe ƙofa, hannuna ya ƙi tashi. Ina kallon 'yata tana tafiya, na kasa komai.

Ni da nake jan addu'a a zumuntar mata har a gaji da ni, ranar nan kalma uku kawai ta fita: "Yesu, ga Ladi."

Sai iska mai sanyi ta buge ni a fuska. Malam Sani ne, mai albasa a kasuwarmu, yana biye da mu a baya. Ya ga motar ta tsaya a karkace, ya fizge ƙofa, ya yi wurgi da kaskon, ya jawo mu waje. Yana faɗa yana kuka: "Maman Ladi, wa ya ce a rufe mota da gawayi?"

A asibiti likita ya ce gawayi yana kashe mutum ko babu hayaƙi. Ladi ce ta ƙarshe da ta farka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Mama, sanyi nake ji." Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan ba.

Maigida ya sa an mayar da hitar kafin motar ta sake hawa tudu.

'Yan'uwa, ku dogara ga Ubangiji, yana jin addu'a ko gajera ce. Na gode masa da dukan zuciyata. Ladi, tashi tsaye su gan ki.